Ɗamarar gaggawa da tef: za ta sauko da mutum lafiya kuwa?

Sabon Mahayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya jawo ta. Makon jiya ni da abokina muka hau wani dutse ta hanyar da hannu da ƙafa sun isa, don haka ba mu ɗauki ɗamarar hawa ba, wato wadda ake sa wa a ƙugu da cinyoyi a haɗa da igiya. A jakata dai akwai igiya mai mita 30 don ko-ta-kwana, da zoben tef ɗinkakke guda biyu masu santimita 120 (tef ɗin shimfiɗaɗɗen saƙaƙƙen maɗauri ne na masu hawa), da karabina uku, wato zoben ƙarfe mai ƙofa da ake haɗa igiya da shi, biyu masu makulli. Muna sama ruwa ya sauko. Wani ɗan bango da bai fi mita 8 ba, wanda muka haye muna hira, ya koma kamar an shafa masa sabulu. Ga igiya, ga wurin ɗaure ta, amma yadda za mu haɗa jikinmu da ita ya gagare mu. Abokina ya ce mu ɗaura a ciki kawai mu sauka, na ƙi. Muka zauna kusan awa uku har dutsen ya sha iska, muka sauko duhu na shigowa.

Shin da tef ɗin nan za a iya haɗa ɗamarar da za ta sauko da mutum? In za a iya, yaya ake yi?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Za a iya mana. Zoben tef ɗinkakke na masu hawa, in dai yana ɗauke da lambar ƙa'idar Turai ta EN 566, ƙarfinsa bai gaza kilonyutan (kN) 22 ba. Kilonyutan ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne. Mutum mai kilo 80 in ya rataya shiru bai kai kN ɗaya ba. Ka ga abin da ke jakarka zai ɗauki irinka sama da ashirin. Awa ukun nan asara kuka yi.

Dattijon Dutse:
A'a, Malam, kada ka ce asara. Yaron nan bai san ɗaurin ba, ya zauna, ya sauko da ƙafarsa. Daidai ya yi. Da ya biye wa abokinsa, wataƙila da ba shi ke rubuto mana ba.

Ɗana, ɗaurin ciki da abokinka ya kawo yana da tarihi. A shekarun 1960 masu hawa a kwarin Yosemite na Amurka suna naɗe faffaɗan tef a ƙugu zagaye da yawa su ƙulle, suna ce masa suwami. Yana tare faɗuwa, amma da ka rataya sai ya haura ya shige ƙarƙashin haƙarƙari ya danne numfashi. Mintoci kaɗan mutum ya fara ganin duhu. Shi ya sa aka ƙara masa zoben cinya. Ɗamarar zama da ta yaɗu a hannun jama'a ita ce wadda Don Whillans ya tsara don hawan fuskar kudu ta Annapurna a 1970, kamfanin Troll ya ɗinka. Duk dabarar da ke cikinta guda ce, kuma ita za ka kwaikwaya da tef: nauyi ya sauka a cinyoyi da mazaunai, abin ƙugu kuma ya zauna sama da ƙashin kwatangwalo don ko ka kife kada ka zame ka fita.

Da zoben santimita 120 ga abin da ake yi. Ka kai shi bayanka, zare ɗaya a kan ƙugu, ɗayan ƙarƙashin mazaunai. Ka jawo bakunansa biyu gaba ta dama da hagu. Sannan ka sa hannu tsakanin ƙafafunka ka jawo zaren ƙasa ya fito gaba. Yanzu kana riƙe da kunnuwa uku. Ka haɗa ukun da karabina mai makulli, ka murza makullin, ka sake taɓa shi ka tabbatar. Shi ke nan, ba ya kai minti ɗaya.

Aibinsa kuma ka ji shi tun yanzu. Yana riƙe ka ne muddin nauyinka na kansa. Da ka taka wani tudu ka miƙe, sai ya saki ya zame zuwa gwiwa, kuma ba lalle ka lura ba sai ka sake zama. Saboda haka daga lokacin da ka ɗaura har ka taɓa ƙasa, igiya ta kasance a miƙe. In mutum mai jiki ne ko yana sanye da kaya masu kauri, 120 ba zai kai ba, sai 180.

Sabon Mahayi:
Allah ya saka da alheri, Baba. Yanzu na gwada a ɗaki, ya shige ni, amma karabinar ta tsaya a karkace, kunnuwan suna jan ta ta fuska uku. Haka ya kamata?

Mai Lissafi:
Nan kam akwai magana. An ƙera karabina ta ɗauki nauyi ta tsawonta, kusa da ƙashin bayanta. Ta nan ne take da kN 20 ko fiye. In aka ja ta ta faɗinta, abin da ƙa'ida ta nema kN 7 ne kawai, duba jikinta za ka ga an buga lambobin. Ja ta fuska uku yana rage mata ƙarfi. Ga saukar mita 8 a hankali har yanzu da sauran tazara, amma na yarda ba abin so ba ne. Ka yi amfani da babbar mai siffar gwanda, wadda ake rubuta wa HMS, kunnuwan su taru a wuri guda, kuma makullin ya kalli waje, kada ya goga da cikinka.

Dattijon Dutse:
Ko kuma ka raba kanka da matsalar gaba ɗaya. In wani ne zai zuro ka daga sama, ka zura bakin igiyar kanta ta cikin kunnuwa ukun ka yi ƙullin takwas na bin-sawu, kamar yadda kake yi da ɗamarar gaske. Babu karabina a wurin balle ta karkace. Kuma a halin da kuka shiga, wannan nake so ku fara tunani: wanda ya fi sanin igiya ya tsaya sama, ya sa ƙullin Munta, wato ƙullin da ke zamewa a hankali yana yi wa igiya birki, a karabinar da ke jikin turke, ya zuro ɗan'uwansa. Wanda ake zurowa hannunsa biyu a sake suke, aikinsa ya buɗe ƙafa ya taka bango. Mutum ɗaya ne kawai zai sauko da kansa, a kan igiya ninki biyu. Mita 30 in an ninka ta ba ka 15, ta wadatar. Ka ƙulle bakunan biyu kafin ka jefa.

Ɗan Kwana-kwana:
Ni ba mahayin dutse ba ne, aikin kashe gobara nake, amma wannan abu a aljihunmu yake kwana. Muna ɗaukar tef mai bututu na inci ɗaya, wato milimita 25, tsawon mita 6 zuwa 7. Da shi ake jan wanda ya suma, da shi ake haɗa ɗamara in an rutsa da mutum a bene. Shawarata ga mai tambaya, ka daina dogaro da ƙaramin zoben nan, ka sa dogon tef a gindin jaka. Ba shi da nauyi, in ka naɗe shi bai fi dunƙulen hannu biyu ba.

Yadda na fi yarda da shi: ka yi zoben cinya guda biyu da sassauƙan ƙulli a kan ninki, kowanne daidai cinyarka da wandon da ke jikinka, ka bar tazarar kamar santimita 15 tsakaninsu. Wannan tazarar ita ce gada. Ka zura ƙafafu, ka ja zoben har saman cinya, gadar na gaba. Jelolin biyu da suka rage ka naɗe su a ƙugu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, zagaye biyu ko uku gwargwadon tsawon, ka matse sosai, ka ƙulle a gefe. Karabina ta kama gadar tare da dukkan zagayen ƙugu, kada ka bar ko ɗaya. Bambancinsa da na kunnuwa uku, wannan ko ka miƙe ko ka yi tafiya yana nan daram, kuma zoben cinyar ba sa shaƙewa domin ƙullinsu a tsaye yake.

In kana da hali ka ɗaura zoben cinyar tun a gida daidai jikinka, ka naɗe shi haka. Ranar buƙata sai zurawa da naɗin ƙugu.

Tsohon Soja:
Duk wannan doguwar hanya ce. Mu da guntuwar igiya mai kamar mita 4 aka koya mana, abin da ake kira kujerar Suwis. Ka naɗe ƙugu, ka murɗa sau biyu a gaba, ka wuce da bakunan tsakanin ƙafafu ba tare da sun gicciya ba, ka ɗaga su ta baya ka sa ƙarƙashin na ƙugu, ka tsuguna ka ja su matse, ka kawo su gefen da ba na hannun birki ba, wato hannun da ke riƙe igiya yana tsayar da sauka, ka yi ƙullin murabba'i, kowace jela ka ƙara mata ƙullin tsaro. Dubban mutane sun sauka daga hasumiya da jirgi mai saukar ungulu da wannan. Da tef ma haka zan yi. Ciwo kam akwai, ba a hana shi, musamman ga maza in ba a gyara zaman igiyar a matsematsi ba. Amma ba a zo hutu ba.

Dattijon Dutse:
Yallaɓai, kujerarka ba ni da ja a kanta, ta yi aiki shekara da shekaru. Inda zan tsaya maka shi ne ƙullin murabba'i a kan tef. A igiya mai zagaye yana cizo. Tef kuwa shimfiɗaɗɗe ne mai santsi, kuma murabba'i in aka ja jela ɗaya ta fuskar da ba daidai ba sai ya juye ya zama abin da ke zamewa. Ga kuma saurin kuskure: hannu na rawa, ka juya zagaye na biyu, ka samu ƙullin da ya yi kama da shi amma ba ya riƙo. A tef ƙullin da aka sani shi ne na bin-sawu, wanda Turawa ke danganta shi da ruwa.

Ga wanda bai sani ba: ka yi sassauƙan ƙulli a baki ɗaya, sako-sako, tef a kwance babu murɗiya. Ka ɗauki ɗaya bakin ka shigar da shi daga inda jelar farko ta fito, ka bi sawunta da baya-baya, tef a kan tef, har ya fito ta can. In ka gama, jela ɗaya na kallon dama ɗaya na kallon hagu. Kowace jela kada ta gaza santimita 8, in ta fi ma ya fi. Sannan ka ja dukkan ɓangarori huɗu da ƙarfi.

Shi ma ba waliyyi ba ne. Yana da wata muguwar ɗabi'a: duk sanda aka ɗora masa nauyi aka sauke, jelar waje tana ja da baya kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba ya gani. A ɗora a sauke, a ɗora a sauke, ranar nan sai jela ta shige cikin ƙulli ya warware gaba ɗaya ba tare da tef ya tsinke ba. Na taɓa ciro wani zobe daga jakata da na ɗaura da hannuna watanni baya, na tarar jela ɗaya ta rage kamar faɗin farce. Da shi na yi niyyar rataya a ranar. Tun daga nan ba na hawa kan ƙullin tef sai na dube shi da ido na ja shi da hannu, ko da ni na ɗaura shi da safe.

Tsohon Soja:
To Malam, ka gwada matse bin-sawu a ƙugunka ka gani. Kafin ka gama bin sawun, naɗin ya saki. Ka samu ƙulli mai kyau a kan ɗamara mai sako-sako, wadda in ka kife za ka fice daga cikinta kamar kifi. Murabba'i kana ja yana matsewa. Na ce da ƙullin tsaro a kowace jela, ban ce tsirara ba.

Ɗan Kwana-kwana:
Oga yana da gaskiya a nan, matse bin-sawu a jiki sai da koyo. Yadda nake yi, ina fitar da numfashi, in yi ƙullin farko dab da jiki, in bi sawu, sannan in riƙa jan sakin ta cikin ƙullin kaɗan-kaɗan kafin in ɗaure shi tamau. Yana cin minti biyu. Wasu abokan aikina murabba'i da tsaro suke yi, ban ga wanda ya faɗo ba. Gwajin dai ɗaya ne ko wanne ka zaɓa: ka sa manyan yatsunka ka tura naɗin ƙasa da ƙarfi. In ya wuce ƙashin kwatangwalo, kwance ka sake.

'Yar Tsauni:
Wannan gwajin na Yaya shi ne abin da nake jira a faɗa, domin duk bayanin da ake yi kamar jikin kowa iri ɗaya ne. Ba haka ba ne. Ni ƙuguna ya fi kwatangwalona siranta sosai, naɗi in ya zauna ba inda za shi. Amma yaro ƙarami ba shi da wannan, jikinsa a miƙe yake, kansa kuma ya fi nauyi in an kwatanta da sauran jiki, shi ya sa ake ɗinka wa yara ɗamara mai haɗe da kafaɗa. Haka mai tumbi, naɗin ba ya samun wurin zama, ko ya gangara ƙasan ciki ko ya haura. Haka wanda ya goya jaka mai nauyi, da ya jingina baya jakar za ta kifar da shi.

Mai tambaya zobe biyu gare shi, to na biyun ga aikinsa. Ka murɗa shi sau ɗaya ya zama kamar lamba 8, ka zura hannu ɗaya a kowane rami, giccin ya zauna tsakanin kafaɗu ta baya, ka haɗa bakunan a ƙirji. In ana zuro mutum ne, igiyar ta tashi daga ɗamarar ƙasa ta bi ta karabinar ƙirjin, sai ta riƙe shi a zaune. Amma don Allah kada wani ya karanta rabin wannan ya rataya da na ƙirji shi kaɗai. Wannan shaƙewa ce, ta fi ta suwami sauri.

Jaka kuma, ni cire ta nake in zuro ta daban, ko in rataye ta a karabinar ɗamara ta yi lilo tsakanin ƙafafuna.

Mai Babur:
Ku yi haƙuri da shigowa ta gefe. Bel ɗin nan da ake ɗaure kaya da shi a mota, mai ƙarfen matsewa, an rubuta masa tan biyu. Ba zai yi ba?

Mai Lissafi:
Ba zai yi ba. Lambar da ke jikinsa ta sabo ce, kuma ba ka san rana nawa ya sha ba, ko man inji, ko ruwan batir. Asid ɗin batir yana cinye nailan ta ciki, a ido kuma sai ka ga kamar lafiya lau. Ƙugiyarsa a buɗe take, ba ta da makulli. Wasu kuma masu arha da leda mai rauni ake saƙa su, irin maɗaurin jakar makaranta. Ba a gwada shi don ran mutum ba.

Tunda an zo kan kayan saƙa, mai tambaya ka duba zobenka. In siriri ne fari mai sheƙi, milimita 8 zuwa 11, Dyneema ne, wani irin zare daban da nailan. Ƙarfinsa kN 22 ne shi ma, amma yana narkewa a wajen digiri 145, nailan kuwa sai ya haura 200. Santsi gare shi, ba ya riƙe ƙullin bin-sawu, don haka ba a yanka shi a ƙulla, ɗinkakke kawai ake amfani da shi. Miƙewarsa kuma 'yar kaɗan ce ƙwarai. Kamfanin DMM ya yi gwajin sako nauyi a kan irin waɗannan zobba, masu ƙulli a jiki sun tsinke a faɗuwar da ba ta da wani tsawo. Ga ɗamarar kunnuwa uku zai yi aiki tunda babu ƙulli, sai dai zai yanke ka a cinya kamar waya.

Sabon Mahayi:
Ɗaya nailan ne mai faɗi, ɗayan siririn ne. Ashe na nailan zan sa a ƙasa, siririn a ƙirji. To wata tambayar: in ɗamarar ta zauna da kyau, mutum zai iya ci gaba da hawa da ita? Ina nufin in abokin tafiya ya manta tasa a gida, maimakon a fasa.

Mai Lissafi:
In mutum na biye ne, igiya na sama da shi a miƙe, hanya mai sauƙi, lissafi bai hana ba. Tef mai bututu na inci ɗaya yana kai kN 17 zuwa 18. Ko ƙulli ya cinye rabi, saura wajen 9, kuma ga zagaye da yawa suna raba nauyin.

Dattijon Dutse:
Malam, ka sake komawa kan ƙarfin tef, ni kuwa tun ɗazu ba tef nake ji wa tsoro ba. Tef ba zai tsinke ba, na yarda. Mutumin da ke cikinsa fa? A gwajin UIAA, wato ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya, ana sako nauyin kilo 80 a kan igiya, an yarda bugun farko ya kai har kN 12. A wajen ma'aikatan da ke aiki a sama, ƙa'idar Turai ta tsayar da abin da zai isa jikin mutum a kN 6, shi ma cikin ɗamara mai kama dukkan jiki. Yanzu ka ɗauki ko rabin wannan ka sauke shi a kan zare mai faɗin yatsu biyu da ya gitta ƙoda da matsematsi, wanda wataƙila ya ɗan gangara tun da aka fara hawa, a jikin mutumin da ya faɗo a karkace. Ɗamarar gaske tana da faɗi a baya, tana da maƙulli da ba ya saki, an kuma gwada ƙarfinta. Taka ta hannu ba wanda ya gwada ta sai kai.

Ɗana, kalmar gaggawa da ka sa a tambayarka ita ce iyakar abin. Kana sama, dole ka sauka, babu wata hanya: ɗaura tef. Kana ƙasa, an manta ɗamara: wannan ba gaggawa ba ce, mantuwa ce, ku yi karɓa-karɓa da guda ɗaya a ƙaramin bango ko ku koma. Jagorantar hawa da ɗamarar tef kuwa, inda faɗuwa ke da tsawo, ban yarda a ko da wasa ba. Mutanen da suka yi haka a da ba su da zaɓi ne, kuma da zaɓin ya zo ba wanda ya waiwaya.

Ma'aikaciyar Jinya:
Baba ya taɓo jiki, bari in ƙara daga ɓangarenmu. Ko babu faɗuwa, rataya kanta tana da haɗari in ta daɗe mutum ba ya motsi. Jini yana taruwa a ƙafafu domin tsokar ƙafa ce ke taimaka masa komawa zuciya, ga siririn tef na danne cinya. Alamun farko jiri, zufa mai sanyi, tashin zuciya, gani ya dushe. In ya suma yana rataye a tsaye, jiki ba zai iya faɗuwa ya kwanta ba yadda jini zai koma kai, nan ne ake rasa rai. Likitocin ceto a tsaunuka sun tattauna wannan tun taronsu na Innsbruck a 1972.

Saboda haka in igiya ta maƙale kana tsakiya, kada ka yi lamo. Ka riƙa motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke, ka tokare bango, ko ka rataya wani zobe ka sa ƙafa ka miƙe a kansa lokaci-lokaci. In abokinka ne ya suma, babu abin da ya fi sauko da shi da sauri.

Akwai tsohuwar koyarwa da ke cewa kada a kwantar da wanda aka sauko da shi, a bar shi a zaune rabin awa. Har yanzu ina jin ta a bakin mutane. Hukumar lafiya da tsaron ma'aikata ta Birtaniya ta bi hujjojin a 2009 ba ta samu abin da ya tabbatar da ita ba. A kwantar da shi kamar kowane mai suma, a kula da hanyar numfashi, a nemi taimako.

Mai Babur:
To in babu tef ɗin ma gaba ɗaya fa?

Tsohon Soja:
Sai ka koma wa Dulfa. Hans Dülfer, Bajamushe ne, ya mutu a yaƙin duniya na farko a 1915, amma hanyarsa na nan. Igiya ta bi tsakanin ƙafafu, ta zagayo cinya ɗaya, ta gitta ƙirji, ta haye kafaɗar ɗaya gefen, ta sauko ta baya zuwa hannun birki. Jikinka ne birkin. A gangare mai ɗan kwanciya da riga mai kauri yana yi. Da siririyar igiyar zamani a bango miƙaƙƙe, za ta ƙone maka wuya da cinya, kuma in ka saki hannu babu abin da ya haɗa ka da ita. Ni da kaina in akwai tef ba zan zaɓe shi ba.

'Yar Tsauni:
Abu ɗaya da ban ga an faɗa ba, kuma sabon shiga na iya yin sa: kada igiya mai tafiya ta goga kai tsaye a kan tef. Nailan a kan nailan in ɗaya na gudu ɗaya na tsaye, zafi ya taru wuri guda, cikin daƙiƙoƙi ya yanke. Kullum ƙarfe a tsakani. Masu sauka da Munta kuma ku lura da ɓangaren birki, kada ya bi ta kan makullin karabina, yana iya murza shi ya buɗe. Ka raba aiki: karabina ɗaya ta rufe ɗamara, ta biyu ta ɗauki Munta.

Mai Lissafi:
Na karɓi gyaran Baba a kan hawa da ita, na janye. Amma kada a fita daga nan da tunanin cewa duk abin da kamfani ya ɗinka ya fi. Todd Skinner, ɗaya daga cikin fitattun mahaya na zamaninsa, ya rasu a watan Oktoban 2006 a Yosemite yana saukowa a igiya, zoben gaban ɗamararsa ne ya tsinke saboda ya cinye. Sabon tef da aka ɗaura daidai ya fi tsohuwar ɗamara da ta sha gugar shekaru. Tef ɗin gindin jakar ma a riƙa ciro shi ana dubawa: in launi ya koɗe, ko ya yi tauri, ko gefe ya fara tsefewa, ko akwai wurin da ya yi sheƙi alamar narkewa, a yanka shi gunduwa-gunduwa don kada wani ya tsinta.

Dattijon Dutse:
Wannan kam mun haɗu. Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi reshe mai ƙarfi ko ƙarfen da ka amince da shi, ka rataya ƙafarka na taɓa ƙasa in ka miƙe ta, wani na tsaye kusa. Zauna minti biyu ka ji inda yake cizo. Jingina baya a hankali har ka kusa kifewa ka ga ko zai riƙe. In ya zauna a hannunka, sake yi ido a rufe, sannan da safar hannu, sannan ka ɗaura wa wani, domin ɗaura wa wani juyayye ne, hannu kan rikice. In akwai ƙwararren mai koyarwa kusa da kai, ya duba maka sau ɗaya, rubutu ba ya ganin murɗiya.

Sabon Mahayi:
Na dawo da rahoto. Na samo tef mai bututu mita 7, jiya muka gwada duka biyun ni da abokin nawa.

Na kunnuwa uku: daƙiƙa arba'in na haɗa shi, ya ɗauke ni, amma da na taka ƙasa na miƙe sai ga shi a gwiwa, kamar yadda Baba ya ce. Mai zoben cinya: karon farko na yi zoben da faɗi, da na rataya suka zame zuwa bayan gwiwa, naɗin ƙugu ya haura haƙarƙari, ban kai minti ɗaya ba na ce a sauke ni. Na rage su yadda yatsu biyu kawai ke shiga, sai ya zauna. Na kife da gangan, ya riƙe. Abokina kuwa mai tumbi ne, gwajin tura naɗi ƙasa ya faɗi sau uku, sai da muka ƙara na ƙirji.

Na ja layi da biro a jelar bin-sawun dab da ƙulli kafin mu fara. Bayan hawa da sauka wajen sau ashirin layin ya shige ciki, ban gan shi ba.

Dattijon Dutse:
Kafin ka fara, da hannu ka matse shi ko ka ɗora masa nauyinka?

Sabon Mahayi:
Da hannu kawai, Baba.

Dattijon Dutse:
To wani ɓangaren zaman ƙulli ne na farko. Sake ɗaurawa, ka rataya a kansa sau biyu ya zauna, sannan ka ja layin, ka ƙirga ashirin ka gaya mana. Ka ƙara wa kowace jela ƙullin tsaro in tsawon ya kai.

Tsohon Soja:
Ka yi na murabba'i ma a gefe, da tsaronsa, ka ja masa layi iri ɗaya. Ina nan ina jira.